Gwani ko Gurbi? Lissafin da Ke Raba Kan Masu Zaɓen 'Yan Wasa a NFL

Daren Alhamis, 26 ga Afrilun 2018, a katafaren filin wasan Dallas Cowboys da ke Arlington a jihar Texas, ƙungiyar New York Giants na da minti goma ta faɗi sunan mutum guda. Ita ce ta biyu a layi. Cleveland Browns ta riga ta ɗauke Baker Mayfield, kuma cikin samarin da suka rage akwai Sam Darnold da Josh Allen da Josh Rosen da Lamar Jackson, dukkansu masu buga gurbin kwatabak, wato madugun da kusan kowane hari ke tashi daga hannunsa. Madugun Giants na lokacin, Eli Manning, ya kai shekara 37, ƙungiyar kuma wasa uku kacal ta ci cikin 16 a kakar da ta gabata. Duk da haka, sunan da kwamishinan gasar NFL, Roger Goodell, ya karanto shi ne Saquon Barkley na jami'ar Penn State, saurayin da aikinsa shi ne ya rungumi ƙwallo ya kutsa cikin ƙarti da gudu.

Babu wanda ya yi musun cewa Barkley gwani ne. Masu bibiyar wasannin jami'o'i da yawa sun ce a shekarar babu na biyunsa. Babban manajan Giants, Dave Gettleman, ya fito gaban 'yan jarida yana fara'a, ya ce yaron baiwa ce daga Allah. Da aka tambaye shi batun masu cewa gurbin mai gudu da ƙwallo bai cancanci zaɓi na biyu ba, sai ya kira maganar shirme, har ya riƙa motsa yatsu kamar mai danna kwamfuta, yana kwaikwayon masu lissafin alƙaluma. Su kuwa masu lissafin ba su ce Barkley bai iya ba. Abin da suka ce shi ne ko da ya zama gwanin gwanaye, Giants ta yi asara. Wannan magana mai kama da rainin hankali ita ce gardamar da ta fi kowace daɗewa a ɗakunan zaɓen NFL, kuma sai an bi kuɗin a hankali ake gane inda ta dosa.

Mai kallon gasar Firimiya ta Ingila ya saba da kasuwa: mai kuɗi ya taya, mai ɗan wasa ya sallama. A ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga, ba ta nan sababbin 'yan wasa ke shiga ba. Tun 1936 NFL ke gudanar da zaɓen shekara-shekara, inda ƙungiyoyi ke bin layi suna ɗaukar samarin da suka fito daga jami'o'i ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ƙare a ƙasan teburi ita ke farawa, zakara ta zo ƙarshe, don kada mai ƙarfi ya yi ta ƙara ƙarfi. A yau ƙungiyoyi 32 ne, zagaye bakwai, samari ɗari biyu da hamsin da 'yan kai cikin kwana uku. Abin ya zama biki. Wanda aka yi a Detroit a 2024 sama da mutum 700,000 suka halarta, alhali ba a taɓa ƙwallo, sunaye kawai ake kira.

Doka ta biyu ita ce ta ƙara wa zaɓen nauyi. Tun 1994 akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi a kaka guda. A 2024 iyakar dala miliyan 255.4 ce, kuma da ita za a biya 'yan wasa 53. Attajirin da ya mallaki ƙungiya, komai zurfin aljihunsa, ba shi da ikon tsallake ta. Duk dalar da aka ba wani, an hana wani.

Inda kuɗin ke kwarara

A fili, mutum goma sha ɗaya ke fuskantar goma sha ɗaya. Masu hari na da dama huɗu su ci yadi goma, ko dai su miƙa wa mai gudu ƙwallo ya ratsa, ko kwatabak ya jefa ta sama ga mai cafkewa. Gudu ɗaya kan kawo yadi huɗu da ɗan ɗoriya a matsakaici, jifa ɗaya kuwa kusan bakwai. Da can ba a ɗauki wannan tazara da muhimmanci ba, domin jifa na da haɗari, kuma masu tsaron baya na da 'yancin bangazar mai cafkewa duk inda ya nufa. A 1978 aka taƙaita bangazar zuwa yadi biyar na farko, aka kuma ba 'yan katangar da ke kare kwatabak izinin miƙe hannuwa su ture mai kawo farmaki. A 2004 aka ƙara matsa wa alƙalan wasa su tsaurara dokar. Da kiɗa ya canza, rawa ta canza, wasan ya koma na jifa.

Daga nan gurabe huɗu suka yi wa saura fintinkau: mai jifa, mai cafkewa, mai farautar mai jifa, da mai kare shi daga mafarauci. Yadda na ƙarshen ya yi tsada ma labari ne. A Nuwamban 1985, ana nuna wasa kai tsaye a talabijin, Lawrence Taylor na Giants ya faɗo wa kwatabak Joe Theismann na Washington, ƙafar Theismann ta karye, bai sake buga wasa ba har abada. Kwatabak mai jifa da dama yana juya wa ɓangaren hagu baya, ba ya ganin abin da ke zuwa ta can. Mafarauta irin su Taylor ne suka sa ƙaton da ke tsare gefen hagu na katanga, wanda da ba a san sunansa ba, ya shiga sahun masu babban albashi.

Kasuwar tsofaffin 'yan wasa ta faɗi sauran. A Satumban 2024 kwatabak Dak Prescott na Dallas ya sa hannu kan dala miliyan 60 a shekara. Justin Jefferson na Minnesota, mai cafkewa, ya samu miliyan 35. Christian McCaffrey na San Francisco, wanda shi ne ya fi kowane mai gudu albashi a lokacin, miliyan 19 ya tsaya.

Sai kuma abin da ya mai da gardamar ta zama lissafi tsantsa. Kafin 2011, sabon yaro na iya ƙulla kwantiragin da ya fi na dattawan gasar. Sam Bradford, zaɓin farko na 2010, ya karɓi dala miliyan 78 na shekara shida, miliyan 50 daga ciki tabbas ne, tun bai jefa ƙwallo ko ɗaya ba. Yarjejeniyar da masu ƙungiyoyi suka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2011 ta kashe wannan. Aka yanke wa kowane matsayi a layin zaɓe farashinsa, ba ruwan farashin da gurbin da yaro ke bugawa. Cam Newton, zaɓin farko na 2011, miliyan 22 ya samu na shekara huɗu.

To, ga inda Barkley ya shigo. Kwantiraginsa dala miliyan 31 da 'yan kai ne na shekara huɗu, wato kusan miliyan takwas a shekara. Mayfield ma, wanda kwatabak ne, kusan hakan ya samu. Amma a waccan shekara manyan masu jifa, irin su Matt Ryan da Aaron Rodgers, miliyan 30 ko fiye suke karɓa. Idan Mayfield ya zama gwani, Cleveland ta samu aikin miliyan 30 a kan takwas, rarar sama da miliyan 20 kuma ta isa ta ɗauko manyan 'yan wasa biyu. Barkley kuwa tun ranar farko yana cikin masu gudun da suka fi kowa albashi a gasar. Ko ya yi abin al'ajabi, kuɗinsa kawai ya fanshe, babu rarar komai. Seattle ta nuna abin da rarar ke iya yi: kwatabak Russell Wilson, wanda ta tsinta a zagaye na uku a 2012, bai kai dala miliyan ɗaya yake karɓa ba a kakar da ta ɗauki kofin Super Bowl a Fabrairun 2014, sauran kuɗin ya tafi ga masu tsaron bayan da suka murƙushe Denver da 43 da 8. Patrick Mahomes ma yana kan kwantiraginsa na sabon shiga lokacin da ya ci wa Kansas City kofi a Fabrairun 2020.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja ta biyu, mai zafi ga masu gudu: ana samunsu a arha. Terrell Davis, wanda ya yi gudun yadi 2,008 wa Denver a 1998, a zagaye na shida aka ɗauke shi. Isiah Pacheco, wanda ya yi wa Kansas City gudu a kofuna biyu a jere, a zagaye na bakwai. Waɗanda aka sayo da tsada kuma labarinsu bai yi daɗi ba. Ki-Jana Carter, mai gudu na ƙarshe da aka taɓa ɗauka a matsayi na ɗaya, a 1995, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan gwajinsa na farko. A 1999 kocin New Orleans, Mike Ditka, ya tattara dukan zaɓukan ƙungiyarsa na shekarar, ya ƙara da biyu na shekara mai zuwa, ya ba Washington don ya samu Ricky Williams. Ƙungiyar ta ci wasa uku a kakar, aka sallami Ditka. A 2017 Jacksonville ta ɗauki Leonard Fournette a matsayi na huɗu, Mahomes na zaune yana jira har zuwa na goma. Ba mamaki a 2013 da 2014, sannan kuma a 2024, aka gama zagayen farko ba a kira sunan mai gudu ko ɗaya ba.

Ramin da ke ɗaya gefen

Da a nan maganar ta tsaya, da an daɗe da rufe ta. Amma lissafin rarar yana da wata kalma a farkonsa da masu son sa kan haɗiye da sauri: idan. Idan yaron ya zama gwani. Darajar gurbi tana faɗa wa manaja abin da zai samu in cacarsa ta ci, ba ta ƙara masa ko ƙwayar zarra kan yiwuwar cin.

A ɗakin zaɓe na kowace ƙungiya akwai allo. Sunaye na jere daga sama zuwa ƙasa bisa makin da masu zaƙulo 'yan wasa suka ba kowa bayan watanni suna kallon faifai da zagaya jami'o'i, daga hagu zuwa dama kuma bisa gurbi. Matsalar na farawa ne daga lokacin da manajan da ba shi da kwatabak, mai ƙungiya na hura masa wuta, 'yan kallo na ihu, ya miƙa hannu ya ɗaga sunan wani mai jifa daga tsakiyar allo zuwa sama, ba don yaron ya ƙara iyawa cikin dare ba, sai don buƙata ta yi yawa. A 2011 Tennessee ta ɗauki Jake Locker a na takwas, Jacksonville ta ɗauki Blaine Gabbert a na goma, Minnesota ta ɗauki Christian Ponder a na 12. Babu ɗayansu da ya zauna da gindinsa a matsayin madugu. A tsakiyarsu, a na 11, Houston ta ɗauki J.J. Watt, wanda sau uku ana zaɓensa gwarzon masu tsaron baya na gasar. A 2007 Oakland ta fara da JaMarcus Russell, mai hannu kamar majajjawa, ta sallame shi bayan kaka uku. Calvin Johnson da Joe Thomas da suka biyo bayansa a na biyu da na uku, dukansu sun shiga zauren girmamawa na gwarazan wasan.

San Francisco ce ta biya farashi mafi ɗaure kai. A 2021 ta ba da zaɓin zagayen farko har guda uku don ta hau matsayi na uku ta ɗauki kwatabak Trey Lance. Wasa huɗu ya fara mata kafin ta miƙa shi ga Dallas a kan zaɓin zagaye na huɗu. Wanda ya kai ta wasan ƙarshe a Fabrairun 2024 shi ne Brock Purdy, mutum na 262 kuma na ƙarshe da aka kira a zaɓen 2022. Kowa kuma ya san Tom Brady, mai kofuna bakwai, shi ne na 199 a shekarar 2000.

Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya samu lambar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun zauna sun bi zaɓukan shekaru masu yawa, suka fitar da bincikensu a 2005. Suka tambaya: idan aka ɗauki ɗan wasa, sannan aka ɗauki wani mai gurbi irin nasa a bayansa, sau nawa na farkon ke fin na biyun? Amsar da suka samu kusan kashi 52 cikin ɗari ce, wato da ƙyar ta fi jefa kwabo sama. Duk da haka ƙungiyoyi na cinikin matsayi da wani jadawalin maki da Dallas ta ƙirƙiro a farkon shekarun 1990 zamanin koci Jimmy Johnson, wanda ya ba matsayi na ɗaya maki 3,000, na 16 kuma 1,000, kamar dai an tabbatar na ɗayan ya ninka na 16 sau uku. Shawarar masanan ita ce a sauka ƙasa a tara zaɓuka da yawa, tunda ba wanda ya iya gane gwani yadda yake zato.

Wannan bincike wuƙa ce mai kaifi biyu. Ya kayar da Gettleman, wanda ya yi imanin idonsa ba ya kuskure. Ya kuma kayar da masu sukarsa, domin da Giants ta bi darajar gurbi a daren nan, Darnold ne mafi yawan masu sharhi suka zaɓa mata, ba Allen ko Jackson ba. Darnold ya sha wuya kaka uku a New York Jets aka rabu da shi, sai a 2024 tauraronsa ya haska a Minnesota, ƙungiyarsa ta huɗu. Arizona ta watsar da Rosen bayan kaka ɗaya. Allen, wanda aka riƙa cewa jifansa ba ya zuwa inda ya nufa, shi ya zama gwarzon gasar na 2024. Jackson, wanda wasu masana suka ba shawarar ya koma mai cafkewa, sai a na 32 Baltimore ta ɗauke shi, ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2023. Sanin gurbin da ya dace bai nuna wa kowa mutumin da ya dace ba.

Mutum ɗaya, gida biyu

Barkley bai ba wanda ya yaba shi kunya ba. A kakarsa ta farko ya tara yadi 2,028 tsakanin gudu da cafkewa, ya zama gwarzon sababbin masu hari. Giants ta ci wasa biyar. A 2019 dole ta koma neman kwatabak, ta ɗauki Daniel Jones a na shida. A 2020 jijiyar gwiwar Barkley ta tsinke a mako na biyu. Cikin kaka shida da ya yi a can, sau ɗaya ƙungiyar ta shiga wasannin kifa-ɗaya-ƙwala, inda Philadelphia Eagles ta kore ta da 38 da 7. Sau da yawa kafin ya kai layin farawa ma an riga an cafke ƙafarsa, domin katangar da ke gabansa ba ta iya buɗe masa hanya.

A Maris na 2023 sabon manaja, Joe Schoen, ya bi littafin darajar gurbi sau da ƙafa: Jones ya samu dala miliyan 160 na shekara huɗu, Barkley aka ɗaure shi da kwantiragin dole na shekara ɗaya, miliyan goma da 'yan kai. Shekara ta zagayo aka bar shi ya tafi. Kyamarorin wani shirin talabijin sun naɗi mai ƙungiyar, John Mara, yana cewa barci zai yi masa wuya idan yaron ya koma Philadelphia. Can ɗin ya koma, kan dala miliyan 37.75 na shekara uku.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. A farkon Nuwamban 2024, a wasa da Jacksonville, Barkley ya karɓi ƙwallo a gefen fili, ya zille wa mutum ɗaya, ya yi juyi ya kauce wa na biyu, juyin ya bar shi yana ba na uku baya. Maimakon ya waiwayo, sai ya daka tsalle da baya, ƙafafu a buɗe, mutumin ya wuce ta ƙarƙashinsa. Ya gama kakar da gudun yadi 2,005 cikin wasa 16, da aka haɗa da wasannin ƙarshe kuma 2,504, wanda ya karya tarihin Terrell Davis. Ranar 9 ga Fabrairun 2025, ranar da ya cika shekara 28, Eagles ta doke Kansas City da 40 da 22 a New Orleans ta ɗauki kofi. Giants ta sallami Jones tun a Nuwamba, ta ƙare kakar da cin wasa uku cikin 17.

Da yawa sun ce ai ga shi an ƙaryata masu lissafi. Duba na tsanaki ba ya nuna haka. Eagles ba ta ɗauki mai gudu a zagayen farko ba tun 1986. Manajanta, Howie Roseman, shekara da shekaru yana zuba manyan zaɓuka da manyan kuɗi a katanga da mafarauta: Lane Johnson a matsayi na huɗu a 2013, Jordan Mailata, ɗan zari-rugar Ostireliya da bai taɓa buga wasan ba aka ɗauko shi a zagaye na bakwai aka koya masa, da sauransu. Tana da kwatabak ɗinta, Jalen Hurts. Sai da ta gama ginin ta sayo Barkley, a kasuwa, da kuɗin da bai kai rabin na babban mai cafkewa ba, wato arhar da darajar gurbi ta jawo ita ta mora. A wasan ƙarshen ma Kansas City ta toshe shi, yadi 57 kacal ya yi cikin gudu 25. Abin da ya ci wasan shi ne kayar da Mahomes da mafarautan Eagles suka yi har sau shida.

Detroit ma ta nan ta bi. A 2023 manajanta, Brad Holmes, ya ɗauki mai gudu Jahmyr Gibbs a na 12, masu sharhi suka yi masa ca. Amma a lokacin Holmes na da kwatabak, Jared Goff, yana da Penei Sewell a katanga daga zaɓi na bakwai na 2021, yana da mafarauci Aidan Hutchinson daga zaɓi na biyu na 2022. A Janairun 2024 ƙungiyar ta ci wasan kifa-ɗaya-ƙwala karo na farko cikin shekara 32, kaka ta gaba ta ci 15 cikin 17, Gibbs kuma ya fi kowa a gasar kai ƙwallo gidan ci, sau 20.

Saboda haka kuskuren Giants bai shafi auna Barkley ba, ta auna shi daidai. Inda ta ɓata shi ne auna kanta. Ta ɗauka mutum ɗaya ya rage mata, alhali ba ta da katanga, madugunta kuma ya tsufa. Bayan shekara biyar ta sake yin kuskure ta ɗaya hannun, ta biya gurbi miliyan 160 ba tare da ta tabbatar mai gurbin ya kai ba. Ƙungiya ɗaya ta gwada aƙidun biyu, kowace ta riƙe ta kamar karatun da ba a tambaya, kowace kuma ta kai ta ƙasa. Manajan da ya san aikinsa yana amfani da darajar gurbi wajen raba gardama tsakanin 'yan wasa biyu da makinsu ya yi kusa, da kuma sanin abin da zai fara ginawa. Ba ya barin ta ta mai da mai matsakaicin hali gwani a idonsa.

Akwai wani ɓangare da alƙaluma ba sa nunawa, kuma shi ne ya kamata ya dami duk mai son wasan. Mai gudu da ƙwallo yana cikin waɗanda suka fi kowa shan duka a fili. Sau ashirin ko fiye a wasa ɗaya yana shiga cikin mutane masu nauyin kilo ɗari da ɗoriya, su danne shi a ƙasa. Doka ta hana shi shiga NFL sai ya yi shekara uku da gama sakandare, saboda haka wani kaso na ƙarfinsa a jami'a yake ƙarewa. In ya shigo, shekara huɗu yana kan farashin da aka yanke masa, in ɗan zagayen farko ne ƙungiya na iya ƙara ta biyar, sannan ta ɗaure shi da kwantiragin dole. Kafin ya samu damar yin ciniki da bakinsa, an fara cewa gwiwarsa ta gaji. Kwatabak na iya buga wasa har ya doshi arba'in, ya ƙulla manyan kwantiragi uku ko huɗu. Shi kuwa mai gudu, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alƙaluman kwantiragin dolen sun isa shaida. A 2017, lokacin da iyakar albashi take dala miliyan 167, farashinsa ga mai gudu miliyan 12 da 'yan kai ne. A 2023 iyakar ta haura miliyan 224, farashin kuma ya sauko zuwa miliyan goma da ɗoriya, na kwatabak ya wuce 32. Josh Jacobs, wanda ya fi kowa gudu a 2022 da yadi 1,653, shi ma da shi aka ɗaure shi. Le'Veon Bell ya taɓa ƙaurace wa kakar 2018 gaba ɗaya, ya bar dala miliyan 14.5 a kan tebur, abin bai gyara kasuwar ba. A Yulin 2023 manyan masu gudu suka yi taro ta intanet suna neman mafita, aka tashi ba tare da an canza komai ba. Masu ƙungiyoyi kuma kullum Todd Gurley suke nunawa: Los Angeles Rams ta ba shi kusan dala miliyan 60 a 2018, gwiwa ta hana shi sakat, ta sallame shi a Maris na 2020, ya buga wasansa na ƙarshe yana da shekara 26.

Kakar Barkley ta ɗan ɗaga farashi. A Maris na 2025 Eagles ta ƙara masa shekara biyu kan dala miliyan 41.2, ya zama mai gudu na farko da ya haura miliyan 20 a shekara. Wata guda bayan haka Las Vegas Raiders ta ɗauki Ashton Jeanty a matsayi na shida, saurayin da ya ɗauki ƙwallo sau 374 ya yi gudun yadi 2,601 a kakarsa ta ƙarshe a jami'ar Boise State. Idan ƙungiyar ta yi amfani da damar shekara ta biyar, Jeanty na hannunta har ƙarshen kakar 2029, lokacin da zai cika shekara 26. Yarjejeniyar da ta shimfiɗa waɗannan dokoki ba za ta ƙare ba sai bayan kakar 2030, kuma ƙungiyar 'yan wasa ɗaya ce ke ciniki a madadin kowane gurbi, inda masu gudu ba su wuce mutum uku ko huɗu cikin kowane 53 ba.